Makamashin Tanko

Mako biyar itacen Kirsimetin ya yi a tsaye a falon Madam, wata Baturiya, a unguwar Al Thumama can ƙasar Larabawa, an rataya masa ƙwallaye da fitilu sai ka ce amarya. Tanko direbanta ne ya ɗauko shi tun farko, shi ya datse masa gindi da zarto don ya sha ruwa. Da Kirsimeti ta wuce, ganyen ya bushe ya fara zuba kamar allurai, Baturiyar ta ce ya kai shi inda ake zubarwa.

To, mutumin Bichi za a ce wa ya jefar da busasshen ice? Ya ɗaure abinsa a mota sai masaukinsu a Mu'aither. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya sassare shi da adda a bayan ɗaki, Yussif mai gadi, ɗan Zangon Kumasi, ya kawo cinyar rago su gasa.

Ashana ɗaya. Wutar ba ta tsaya kamawa ba, tashi ta yi da ruri, ta haura katanga, ta lashi rumfar motar Balaraben da ke maƙwabtaka da su. Yussif ya watsar da naman ya yi waje. Tanko ya dinga kwara ruwan alwala da na wanki, bakinsa ya kasa haɗa salati. Kafin bokiti na uku ta cinye kanta ta mutu, ta bar baƙin tabo a farar katangar mutane.

Sai a lokacin ya ga kyamarar da ke saman ƙofar Balaraben, ta zuba masa ido.

Yussif ya dawo da labarin wani da aka mayar gida kan hayaƙin da bai kai wannan ba.

"Haɗa jakarka kawai, ɗan'uwa. In kafil mai riƙe da bizarka ya ji, khalas, taka ta ƙare."

Kwana uku Tanko bai ci abin kirki ba. Ya goge katangar da omo har fatar hannunsa ta saluɓe. Ko jiniya ya ji daga nesa sai ya miƙe ya leƙa waje, don 'ya'ya huɗu ne a Bichi ke ci daga sitiyarin nan.

Ranar Talata Madam ta aika a kira shi falo. Ya shiga ya tsaya daga bakin ƙofa. Ashe yabonsa ta yi ta yi a wajen ƙawayenta, wai ya iya ɓatar da itace ba ɓata lokaci. Ta miƙa masa takarda mai lambobin gidaje shida, kowanne da nasa busasshen itacen.

"Duk ka kai su inda ka kai nawa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to. Balaraben kuwa har yau bai ce uffan ba.