Ƙulli Goma Sha Biyu a Igiyar Ƙararrawa

A cocinmu kowa ya san ni da Sarkin Barci, kuma ban taɓa musantawa ba. Ni tela ne, sai ƙarfe tara nake buɗe shago, ido a kumbure. Saboda haka ranar da Baba Mai Ƙararrawa ya sanar cewa za a yi masa aikin ido, yana neman wanda zai riƙa buga ƙararrawar addu'ar asuba a madadinsa, da na ɗaga hannu har Fasto sai da ya toshe baki don dariya.

Ni kuwa Auta nake kallo, 'yar Baba, malamar makarantar yara, wadda in ta ɗaga murya a cikin mawaƙa nake manta baitin da ake ciki. Wata biyar ina neman izinin zuwa gidansu, Baba yana ce min tukuna.

Bayan sujada ya riƙe hannuna. "Ƙarfe biyar daidai, bugu goma sha biyu. Ka cika kwana bakwai a jere, sannan ka zo gida mu yi waccan maganar taka."

Ranar farko na tashi tun kafin agogo ya yi ƙara, zuciyata tana tsalle. Na ja igiya kamar mai jan ruwa a rijiya, na koma gida ina jin kaina wani jarumi.

Rana ta biyu kuwa, agogo biyu da waya suka yi ta ihu, na kashe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na san na yi ba. Yayata ce ta yaye min bargo.

"Ango, tashi! Rana ta riga ka zuwa coci."

Shida da kwata! Na fita da takalmi wari da wari. A ƙofar coci na tarar da Kaka, tsohuwar da ba ta taɓa fashin addu'ar asuba ba, zaune a kan matakala da sandarta a cinya.

"Ɗana, na ɗauka mutuwa na yi ban sani ba," in ji ta. "Shekara talatin ban taɓa farkawa cikin shiru ba."

Ta yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka cika min ido.

Da yamma Auta ta zo shago. Na sunkuyar da kai a kan keken ɗinki, ina ɗinka abin da ba ya bukatar ɗinki.

"Malam tela, aljihun wandon mutane kake rufewa," ta ce. "Taso mu je."

Ta kai ni ƙarƙashin ƙararrawar, ta kama igiyar. "Ka taɓa lura da waɗannan?"

Ƙulli ne a jere a jikin igiyar, duk sun yi santsi saboda hannu. Na ɗauka don kada hannu ya zame aka yi su.

"Baba ba shi da agogo mai ƙara. Kowane ƙulli mutum ne. Na farko Kaka. Na biyu ma'aikaciyar jinyar da ke kama motar biyar da rabi. Na uku mai burodi, na huɗu direban nan da matarsa ba ta da lafiya." Ta bi su har goma sha biyu. "Kafin kowane bugu sai ya ambaci mutumin a gaban Yesu. Ya ce bargo yana da nauyi in don kanka za ka tashi, amma in mutum goma sha biyu suna jiranka, ba ya kai gashin kaza."

"To maganarmu fa? Ta rushe?"

"Ya ce ka fara ƙirga daga ɗaya. Likita ya ba shi hutun mako biyu, ka ci sa'a." Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, "Kuma ƙarfe tara yake kwanciya. Ba ya hira da waya."

Abin bai zo da sauƙi ba. Na koma rufe shago da bakwai, ina barin waya a kicin, abokai suna ce min tsoho. Asuba ta huɗu ruwan sama aka yi, jikina ya yi ta roƙona minti biyar kacal. Sai na tuna Kaka a kan matakala, na ce, "Ya Ubangiji, ɗaga ni," na sa ƙafa a sanyin siminti. A hanya na ga fitilar mai burodi, na ji ƙamshin ƙasa, na ga sama tana buɗewa a hankali. Ashe duk shekarun nan ana raba wannan kyauta kowace safiya, ni ina minshari!

Da kwana bakwai suka cika, na je gidan Baba cikin rigar da na goge sau biyu. Yana zaune da auduga a ido ɗaya, Auta tana tsaye a bayansa.

"Ido aka rufe min, ba kunne ba," ya ce. "Biyar daidai, ban da abin cewa. Amma tun ran Alhamis bugu goma sha uku nake ji. Na ƙarshen na wane ne?"

Na saci kallon Auta. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Au, haka ne?" Baba ya yi murmushi. "Auta, kawo wa baƙonki kujera. Kai kuma gobe ka ɗaura ƙullin da kyau, kada ya kwance. Kai ne tela."