Allon Mama Angela Bai Yi Ja Ba

Tun da Oga Dantong ya kawo wa kamfaninsu mataimakin AI ɗin nan mai rubuta manhaja, Rahma ba ta ƙara jin daɗin aiki ba. In yaren kwamfuta na Python ne ko Java, sai ya yi ta zuba kamar famfo. Amma da ta miƙa masa FoxPro, tsohon yaren da aka gina manhajar kantin maganin Mama Angela da shi, sai ya kama ƙago umarnin da babu su a duniya. Kuma ba ya taɓa cewa bai sani ba. Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Sai ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya sake sharara wata ƙaryar.

"Yaren da AI bai iya ba, mu ma mun daina," in ji Oga. "Bari shi ya juya komai zuwa Python, finish."

"Oga, bai iya karanta shi ba, yaya zai fassara?"

"Ke kin cika gardama."

Ya tura ta wani aiki a Kabong. Kafin ta dawo ya sa mataimakin ya juya manhajar, har ya je ya ɗora wa Mama Angela a kwamfutarta, yana ta washe baki.

Washegari Rahma ta zauna tana bin aikin layi-layi, ranta a ɓace, sai ta ga ɓarnar. A tsohuwar manhajar akwai layin da ke cewa rana ake fara rubutawa kafin wata. Mataimakin bai gane shi ba, ya watsar, bai ce uffan ba. Yanzu maganin da wa'adinsa ya ƙare goma ga Fabrairu, kwamfuta na ganin sai biyu ga Oktoba zai lalace. Ga idon Mama Angela ya yi rauni, ta daɗe da daina karanta jikin kwalba. Ta saba in magani ya lalace allo zai yi ja.

Rahma ba ta ko kalli Oga ba, ta tari keke sai Terminus, inda kantin yake. Tana shiga kantin ta fizge wayar kwamfutar daga bango.

"'Yata, lafiya?" in ji Mama Angela.

"Mama, me kika sayar tun jiya?"

"Kasuwa ba laifi. Yanzu ma wata ta sayi maganin zazzaɓi, jaririnta jiki zafi rau. Allo bai yi ja ba."

Rahma ta ɗauko 'yar'uwar kwalbar daga kanta, ta karanta, ta ga wa'adin maganin ya riga ya ƙare.

"Kin san ta? Ina gidanta?"

"Ban taɓa ganinta ba. Ta dai goya yaro da shuɗin zane."

Rahma ta fita da gudu ta tsaya bakin titi. Duk inda ta juya mata ne da goyo.