Kofur Shu'ibu a Bakin Jinga

Ranar da manoman shinkafa suka fito zanga-zanga, kogin Haɗeja cike yake fal. Ciyawar kachala ta toshe masa hanya, ruwa ya juya ya kwanta a gonaki, shi ne suka taso, maza da mata, za su kai kuka cikin gari. Titi ya nutse, sai suka biyo ta kan jinga, tudun ƙasar nan da aka gina don tare ambaliya, wanda mutum uku ba sa jerawa a kansa.

'Yan sanda suka tare bakin jingar. Bindigar barkonon tsohuwa a hannun Kofur Shu'ibu take.

Sufeto Abdulfattah baƙo ne, watansa biyu a garin. Ya ce an hana taro, kowa ya juya. Na gaba sun ji, na baya ba su ji ba, sai turowa suke. Nan ya umarci Shu'ibu ya harba.

Shu'ibu ɗan masunta ne. Ya dubi ruwan hagu, ya dubi na dama, ya san zurfinsu.

"Yallaɓai, in hayaƙi ya tashi, ina za su gudu? Ruwan nan yana shanye mutum a tsaye."

"Kofur, shawararka na nema?"

"A'a, yallaɓai. Amma ba zan harba ba."

Sufeto ya fizge bindigar. Ya daɗe yana kallon ruwan, bai miƙa wa kowa ita ba. A ƙarshe aka bar dattawa biyar suka wuce da takardar kokensu, sauran suka juya a hankali, har la'asar ana janyewa.

A motar komawa ba wanda ya zauna kusa da Shu'ibu. Wani ya ce a matsa wa Sarkin Ruwa wuri, aka yi dariya. Kwana uku bayan nan aka dakatar da shi, saboda ƙin bin umarni a gaban jama'a.

Ya fito daga ofis bai san inda za shi ba, ƙafa ta kai shi wajen Mairam mai soyayyen kifi. Ta dubi wandon kakinsa, ta ja faranti ta rufe kifin. Ta ce ai su 'yan sanda ne suka shanya su a rana kan jinga kamar barkono, ita da mijinta, kifinta ba na sayarwa ba ne yau.

Shu'ibu ya so ya gaya mata shi ne ya ƙi harbawa, sai kuma ya fasa.

"Allah ya ba da kasuwa, Iya," ya ce, ya kama hanya a ƙafa.