Ƙafar Inna a Kan Birki

Yau ma birkin tsohuwar motar Baba ya sake laushi. Kana takawa sai ya nutse har ƙasa kamar soso. Motar nan ta girme ni, kuma Baba yana da doka a kanta: kafin ya murɗa makulli sai ya taka birki, in bai ji tauri ba, ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba. Ga shi ya rantse gobe shi da kansa zai tuƙa ta zuwa garin ƙanwarsa.

Bakanike na fara zargi, shi da ya sa mana sabon masta, wato famfon da ke tura man birki. Na je na zazzage masa, na ce tsoho ya wanke ya liƙa mana. Ya kwance mastan a gabana, sabo fil. Na dawo da kunyata. Sai zargina ya koma kan ƙanena, mai cewa kullum a sayar da gwangwanin nan a huta. Na bi bututun mai da tocila, na leƙa bayan kowace taya, ko ɗigo babu. To in mai ba ya zuba, iska ce a ciki. Amma ta ina take shiga, alhali ni da hannuna na cire ta?

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki ya riƙe, ɗaya a ƙasa ya sassauta ɗan noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na sama ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga da wuri, iska ta koma ciki. Tun kafin a haife ni Inna ce mai yi wa Baba takun nan, ni ma ita ke yi min.

Wannan karon na zura farin tiyo a bakin notin, na sa ɗaya bakin cikin kwalba don in gani da idona.

"Inna, taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

Na sassauta. Mai ya gangaro, ya tsaya, sai ga shi yana komawa sama, da kumfa a bayansa. Na ce ko idona ne. Muka sake, ya sake komawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito daga ƙarƙashin mota, hannuna duk mai.

"Haba Inna! Ɗagawa kike yi! Na zagi bawan Allah a banza, na daina gaisawa da ƙanena, ashe ke ce?"

"Rage murya," ta ce, idonta a kan sitiyari. "Kai ba ka cikin motar ranar da Babanka ya nufi mai keke bai gan shi ba. Ni na ja sitiyarin. Idon ya tafi, kuma ba zai yarda ba. In na faɗa masa, na kashe shi da rai. Gara a ce mota ce ta gaza."

Sai ga Baba ya fito, yana shafa bango. Ya tsaya yana kallon inda nake kwance ɗazu, ni kuwa ina tsaye a gefensa.

"Ya yi tauri?" ya tambayi ƙasa.

Na dubi sifanar da ke hannuna. Aikin da ya rage bai kai shan ruwa ba.

"Bai yi ba, Baba. Abin ya fi ƙarfina. Gobe ni zan kai ka a tawa."

Sai a lokacin ya juyo wajen muryata. Ya ɗora tafinsa a kan rufin motar.

"Uwarka ta riƙe da kyau kuwa? Don ni dai ba ta taɓa sakar min ƙafa ba."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ta riƙe, Baba," na ce, na durƙusa na cire tiyon.