Sakkwato Ko Mafara

Bature mahauci ne, ɗan mahauta, kuma a Talatar Mafara aka yanke masa cibiya. Duk wanda ya saba da layin 'yan nama ya san teburinsa, na uku daga bakin hanya. Dogo ne marar yawan magana, bai taɓa zama ajin boko ba ko na yini ɗaya. 'Ya'ya biyar matarsa Safiya ta haifa, biyu suka girma, Mu'awiya da Lailatu. Mu'awiya kuwa shekara uku ke nan da rasuwa.

Ranar wata Litinin ta bazara, bayan la'asar, yana zaune a zaure yana wasa wuƙaƙensa saboda kasuwar gobe, sai Lailatu ta yi sallama ta durƙusa daga gefe. Shekararta goma sha bakwai. Tana riƙe da takarda a naɗe cikin hijabi.

"Baba, sannu da aiki. Sakamakon jarrabawa ya fito."

"To, madalla. Mi kinka samu?"

"Ɗari biyu da sittin da takwas."

Bature bai san ko wannan da yawa ne ko kaɗan ba. Ya dubi fuskarta don ya gane, sai ya ga tana murmushi amma idonta ya yi ja.

Ta yi masa bayani a hankali. Lokacin da aka cika takarda, jami'ar jiha da ke nan Mafara ta sa, don Inna ce ta ce a sa ta. Amma malamarsu ta kira ta yau ta ce da wannan maki tana iya neman jami'ar Sakkwato, inda ake koyar da likitancin dabbobi, karatun da take bege tun tana ƙarama, tun tana bin Baba mayanka tana tambayar abin da ya sa ake zubar da wata hantar a bar wata. Ana iya canzawa, amma malamar ta ce kada a wuce Juma'a.

"Baba, kai nika so ka zaɓa mini. Duk wadda ka ce, ita ce."

"Kin gaya ma Innarki?"

"Na gaya mata. Tana ɗaki."

Ya ajiye wuƙar, ya shiga cikin gida. Ya tarar da Safiya zaune bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta jira ya tambaya ba.

"Malam, ɗaya ta rage mini. Ga makaranta nan a bakin ƙofa, ta tahi da safe ta dawo ta ci tuwon gidansu. Mi za ta nema a Sakkwato? Ka san hanyar nan. Wallahi in mota ta tashi da ita, ni ba ni ƙara barci."

Bature ya san daga inda maganar ta fito. Shekara uku da suka wuce Mu'awiya ya hau babur zuwa Maradun sayen bijimai, aikin da Bature ya saba yi da kansa kafin ciwon baya ya kama shi. A hanyar dawowa, wajen Faru, 'yan bindiga suka tare hanya. Mutum huɗu aka kashe ranar. A bayan wata motar itace aka kawo gawarsa, an lulluɓe shi da buhunan gero. Tun daga lokacin Safiya ba ta barin Lailatu ta je ko bikin ƙawa in ya wuce unguwa. Daga makaranta sai gida.

Ranar Talata ya ci kasuwa, amma hankalinsa ba ya wurin. Sau biyu yana yanka wa mutum awon da ba shi aka nema ba. Ranar Laraba da hantsi ya shiga motar Bakura, wurin Malam Ɗanasabe, yayan Safiya, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya yi ritaya ya koma noman shinkafa. In akwai wanda zai warware masa maganar jami'a, shi ne.

Ya same shi ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi kasuwa da zaman lafiyar gari, aka kawo fura. Sannan Bature ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Ɗanasabe bai ɗauki ɓangare ba. Ya ce ta Mafara makaranta ce mai kyau, yarinya za ta yi karatu a gaban uwarta, ba ɗakin kwana, ba hanya, shekara huɗu ta gama. Ta Sakkwato kuma ta daɗe, karatun da take so can yake, amma ya fi tsawo, ya fi wuya, kuma samun maki ba shi ne samun gurbi ba, tana iya canzawa ta rasa duka biyu a bana.

"Ni ba ni ce maka ga wadda ta fi," in ji shi. "Amma ka tambayi yarinyar da kyau. Yaran ga suna ɓoye abin da ke ransu. Dubi Mu'awiya, Allah shi jiƙan shi. Ni na kai shi ya cika takardar Sakkwato da hannuna, anka ba shi gurbi, ya zo nan yana tsalle kamar ɗan akuya. Bayan sati biyu sai na ji wai shi ya ce ba ya so, fawa zai yi. Har yau abin na ɗaure mini kai."

Bature ya ajiye ludayin. Ya ture ƙwaryar gefe.

"Yaya, ba shi ya ce ba. Ni ne."

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da ya fara sai maganar ta riƙa fitowa da kanta. Ya ce ya ja yaron bayan katangar mayanka ne wata safiya. Ya ce masa hanyar Sakkwato ta lalace, kullum ana tare mutane, ga shi kuma ciwon baya ya hana shi hawa babur, in yaron ya tafi wa zai riƙa zuwa sayen shanu? Ya haƙura shekara ɗaya kawai. Kuma da yake a lokacin Safiya ce ta fi kowa son ya tafi, har ta sayo masa akwati, sai Bature ya ce masa kada ya ce Baba ne ya hana, ya ce shi ne ya fasa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce to. Shekara ɗaya ta zama biyu. A cikin ta biyun aka kashe shi.

"Na tsare shi kusa da ni don kada hanya ta ci shi," in ji Bature. "Ko da anka harbe shi, tsakaninsa da gida bai kai tahiyar awa guda ba."

Malam Ɗanasabe ya cire tabarau ya share ido da bakin riga. Ya ce kwana ne ya ƙare, da yana Sakkwato ma ranar ba ta wuce shi. Bature ya ce ya sani, ya yi imani da haka. Abin da ke cin sa daban ne: shekara biyun ƙarshe na yaron, ya yi su ne yana abin da ba ya so, yana kuma ɗauke da ƙaryar ubansa, uwarsa na yi masa gorin ya watsar da karatu, shi kuwa bai taɓa buɗe baki ba.

"Safiya ta sani?"

"A'a."

"To, ni ba ni gaya mata. Amma ba ka iya taimakon Lailatu da wanga abu a cikinka."

Ya dawo Mafara bayan azahar. Washegari Alhamis bai fita kasuwa ba. Da aka karya kumallo ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ya kira su su biyu.

Ya fara da Lailatu. Ya maimaita mata duk abin da kawunta ya faɗa, na Mafara da na Sakkwato, bai rage ba bai ƙara ba, har da cewa tana iya rasa gurbi a bana. Sannan ya ce, "Yanzu ki ɗauka hanya lahiya lau take, ki ɗauka ba wanda zai yi kuka. Wace kike so?"

Lailatu ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai. "Duk wadda kunka ce, Baba."

Haka Mu'awiya ya sunkuyar da kai. Bature ya juya wajen matarsa.

"Safiya, akwai maganar da na ɓoye miki shekara biyar."

Ya faɗa mata kamar yadda ya faɗa a Bakura, bai nemi kare kansa ba. Safiya ba ta katse shi ba. Da ya gama, ta dube shi kamar baƙon da ya shigo gida ba sallama. Ita da ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, saboda kunya, sai ga shi ta kira shi a fili.

"Mu'awiya. Mu'awiya na ce ma rago. A nan, bakin murhun nan, na ce mashi ya ba ni kunya, 'ya'yan mutane na jami'a shi yana wankin hanji. Ya yi dariya ya ce, Inna ki yi haƙuri." Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Kana zaune, Malam. Kana ji."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ba su ji kuka ba, kuma wannan ya fi tayar wa Bature da hankali.

Lailatu ce ke kuka. Ya bar ta har ta sassauta.

"Ban faɗi wannan don ki tahi Sakkwato ba," in ji shi. "In kin zauna don kina son zama, na ji daɗi, kullum ina ganinki. In kin tahi, ni ma tsoron hanyar nika ji, ba Innarki kaɗai ba. Amma ba ni ƙara zaɓa ma wani rayuwa tai. Ki yi alwala ki roƙi Allah zaɓi, gobe da safe in raka ki."

"In na tahi, Baba, wa zai zauna da Inna?"

"Ni da na ɓata, ni zan zauna."

Ranar Juma'a da safe suka tafi cibiyar da ake cika takardun jarrabawa. Layin ya yi tsawo, yara da iyayensu, rana ta fara zafi tun ƙarfe tara. Bature ya tsaya waje jikin wata bishiya, bai tambaye ta abin da ta yanke ba. Da ta fito, ta miƙa masa takardar duk da ta san ba ya karantawa.

"Sakkwato na sa, Baba."

"Allah shi sa albarka," in ji shi. Ya mayar mata da takardar, suka kama hanya.

Damina ta zo ta wuce kafin sunanta ya fito. An ba ta gurbin. Safiya ba ta hana ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ita ta daka mata yaji, ta soya ƙuli, ta yi mata dambun nama cike da roba, ta zauna ta ɗinke bakin hijabanta ɗaya bayan ɗaya. Da ɗiyarta tana magana, har da 'yar dariya wani lokaci. Da Bature kuwa daga gaisuwa sai ga abinci.

Ranar tafiya ta rako su har zaure, ta riƙe hannun Lailatu ta daɗe tana yi mata addu'a, sannan ta juya da sauri. Bature ne ya kai ta. A mota kowa ya yi tsit daga Lambar Bakura har suka wuce Tureta, wata tsohuwa a baya tana ta jan carbi. Suka isa lafiya. Ya ɗauki akwatin a ka har ƙofar ɗakunan kwanan mata, inda aka ce maza ba sa wucewa. Ya so ya yi mata doguwar nasiha, duk ta gudu daga kansa. Abin da ya iya cewa shi ne ta riƙa cin abinci, ta riƙa kiran Innarta.

Ya dawo gida kafin magariba. Tsakar gidan a share, shiru, tukunya ɗaya ƙarama a kan murhu. Safiya na zaune tana tsince shinkafa.

"Ta isa?"

"Ta isa lahiya. Ta samu gado kusa da taga, da wata yarinya 'yar Gummi."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar. Ya zauna a kan turmi nesa kaɗan, don bai san ko tana son ya matso ba. Can ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Da ka gaya mini tun yana da rai, Malam, da na yi faɗa da kai, da na ba shi haƙuri. Yanzu wa zan ba?"

Bature ya tashi ya ɗauki buta, ya fita alwalar magariba.

Bayan sati guda ta ce za ta je Bakura ta kwana biyu wurin yayanta. Ta yi wata biyu. Bai aika a dawo da ita ba, sai dai duk Laraba yakan kai nama ya gaishe su ya juyo. Ta dawo da kanta ana saura kwana uku Lailatu ta zo hutun farko, ta share ɗakin yarinyar, ta wanke labule. Suna nan tare har yau, ana gaisawa, ana cin abinci, in Lailatu ta kira sukan sa wayar a tsakiya su saurara su biyu. Amma hirar da suka saba yi da, ta kasuwa da ta mutanen unguwa, ba ta dawo ba, kuma Bature ya daina sa ran za ta dawo da wuri.