Ɗan Injin da Babu Fulogi

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Magaji mai gyaran injin ban-ruwa a Aliero ya tsinci wani abu cikin tarkacen ƙarafa a kasuwar Jega. Inji ne, amma bai kai dunƙulen hannu ba. Ga fistin, ga farfela ta katako, sai dai babu fulogi.

Tun daga ranar ya rasa sukuni. Ya zuba fetur, shiru. Ya gwada gas, shiru. Ya kwance shi ya ɗaura har ba adadi, manoman albasa kuwa suna ta sintiri a ƙofar rumfarsa, shukarsu tana jin ƙishi.

"Maigida, tuwonka ya huce," in ji matarsa Balkisu. "Wai mi wanga abu zai yi maka?"

"Wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne. Sai na ji kukanai."

Wani direba ya ba shi labarin Ɗantsoho na Gumbin Kure a ƙasar Maiyama, wanda ya taɓa yi wa wani Bature mai aikin hanya kuku, ko zai san irin injin. Magaji ya hau babur ya nufi Maiyama, ko rumfa bai rufe ba.

Tsohon ya juya injin a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Na ɗan jirgin sama ne na wasa. Maigidana tsere yake yi da irinsa a fili, da igiya a hannu. Ko a ƙasarsu, ya ce, ba su da yawa."

"Baba, mi yake sha?"

"Kananzir, da man zurma, da ruwan nan da ake shaƙa wa mutum kafin tiyata."

Sati biyu Magaji yana zarya Jega kafin wani tsohon malamin asibiti ya sam masa ruwan tiyatar ɗan kaɗan a kwalba. Ya kafe injin a benci, ya haɗa man ya zuba, ya murɗa ƙusar da ke kansa, ya dinga kaɗa farfelar da yatsa har la'asar. Can sai ta ƙwace, ta tsaga masa yatsa. Ƙara ta tashi, siririya mai shiga kunne, awaki suka watse, maƙwabta suka fito da gudu.

Ko minti biyu bai yi ba man ya ƙare. Magaji ya tsaya jini yana ɗiga, yana dariya shi kaɗai.

Washegari da yatsa a naɗe ya gyara injinan manoma huɗu, sannan ya tafi fadama neman gwangwala marar nauyi da zai fere fukafukai.