Jirgin da Ke Ɗaukar Mutum Biyu

Ni ce na fara ganin jirgin, kada wani ya faɗa muku wata magana daban. Mun je Ma'adi shan iska ni da maigidana Malam Sagiru, sai na hango shi yashe a bakin Nilu, a filin wani tsoho mai gyaran jirage, Ammu Hamad. Kwale-kwale ne sirara guda biyu, an haɗa su da ƙarafa, an ɗaura shimfiɗa a tsakani inda ake zama, ga doguwar sandarsa ta ɗaura zanen iska kwance a ƙasa. Kyanwa ma ta haihu a kai. Tsohon ya ce wani Bature ne ya kawo shi daga bakin teku, ya tafi ya bar shi shekara da shekaru. Wanda ya tashe shi, ya hau.

Ni 'yar Yawuri ce, a kwale-kwalen babana na girma. Tunda Malam ya kawo ni Alƙahira yana karatunsa, ruwan da nake gani na famfo ne, daga ɗakinmu a unguwar Hayyus Sabi'i sai keken ɗinki. Ya ga yadda na tsaya ina shafa jirgin, ya ce, "Fauziyya, mu gyara. Mutum biyu yake ɗauka, ni da ke. Ranar farko ke za ki riƙe matuƙi."

Wallahi haka ya ce, ban ƙara masa ko gishiri ba.

Muka shiga aiki duk Juma'a bayan masallaci. Kwale-kwalen hagu yana shan ruwa, Ammu Hamad ya koya mana a hura masa iska da famfo, a shafa ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar. Malam yana liƙe faiba da gam, ni ina bi da sanfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Ya sauya wayoyin da ke riƙe sandar don sun yi tsatsa. Shimfiɗar kuwa ta ruɓe, sabuwa na ɗinka, na yi mata aljihu da maɗaurin ƙafa. Zanen iskar ne ya ci ni. Allurar keke ta yi ta karyewa, na koma ɗinkin hannu, har na yanka masa taga na sa leda mai kauri don mu riƙa hango jiragen da ke tahowa. Na ɗinka wa kaina doguwar riga da wando da hijabin da iska ba za ta ɗaga ba, kada a ce ban yi tunanin sutura ba.

Ranar saka shi a ruwa, ashe Malam ya baza labari. Muna isa na ga ɗalibai 'yan gida sun cika wurin, da hulunansu da wayoyinsu, har da shugaban ƙungiyarsu. Aka yi addu'a, aka tura jirgi, ya zauna ɗas a kan ruwa. Na ɗauki rigar ceto zan zura, sai Malam ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Fauziyya, ma'alish, ki yi haƙuri. Kin ga mutane."

"Na gan su, Malam. Sai me?"

"Hoto suke ɗauka. Gobe a ji a Kano matar Sagiru tana lilo a kan ruwa gaban maza. Da wane ido zan ja su salla?"

"Ni na gayyato su?"

Ya zare rigar daga hannuna a hankali, ya miƙa wa Fadl, abokinsa ɗan Sudan, wanda ko ƙusa bai taɓa riƙe mana ba. Sannan ya cire takalmansa ya ba ni, wai in ajiye kada su jiƙe.

Jama'a, na tsaya da takalman mutum a hannu ina kallon ɗinkina ya cika da iska. Kuma abin haushin, tafiya yake kamar ba tsoho ba, gefe guda har ɗagawa yake. Samari na kabbara, suna "Malam ya iya aiki!" Ammu Hamad kaɗai ya dube ni, ya kau da kai. Ban yi kuka ba, amma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Da tun farko ya ce ba zan hau ba, da na haƙura na ɗinka masa don Allah. Yaudarar ce ta ƙona ni.

Suka dawo jiƙe sharkaf, baki har kunne. Da mutane suka watse ya zo yana lallaɓa ni.

"Wani satin mu zo da sassafe, ba kowa, ki hau ki more. Af, kuma ƙasan zanen ya ɗan yage da muka juya, sai ki duba."

Wato ni ce abin ɓoyewa, hannuna ne dai ba a jin kunyarsa. Na ajiye masa takalmansa a kan yashi.

"Ba zan hau a ɓoye ba, Malam. Yagewar kuma, kai wa Fadl ya ɗinke."

Na kama hanyar tashar jirgin ƙasa na metro ni kaɗai, yana ta kiran sunana.